Farfesa Ishaya Audu: Likitan yara ɗan Anchau da ya raini Jami'ar Ahmadu Bello

Yawancin masu tuna marigayi Farfesa Ishaya Audu da kujeru biyu suke tuna shi: shugabancin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya daga 1966 zuwa 1975, da kujerar ministan harkokin waje a gwamnatin Alhaji Shehu Shagari. Amma sana'arsa ta asali, wadda ya fara da ita kuma ya ƙare da ita, ita ce likitancin yara. Mu ma'aikatan lafiya 'yan Arewa da muka warwatsu a Dubai da Jidda da Landan da sauran wurare, da wuya ka samu wanda ba Zariya ce ta horar da shi ba, ko kuma wanda Zariya ta horar ne ya koyar da shi. To, a zamanin wannan bawan Allah aka buɗe makarantar likitancin da ta zama uwa ga sauran na Arewa.

Anchau da Wusasa

An haifi Ishaya Audu ranar 1 ga Maris 1927 a garin Anchau da ke ƙasar Zazzau, wanda a yau shi ne hedikwatar ƙaramar hukumar Kubau a Jihar Kaduna. Bahaushe ne, mahaifinsa kuwa yana cikin Hausawan Zazzau da suka karɓi addinin Kirista.

Anchau ta lokacin ƙuruciyarsa ta yi ƙaurin suna da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke yaɗawa. Abin ya kai ga Turawan mulkin mallaka sun ƙaddamar da wani babban shiri a ƙarshen shekarun 1930: aka sassare kurmin bakin rafuka inda ƙudan ke fakewa, aka haƙa rijiyoyi, aka tayar da ƙauyuka aka sake musu matsuguni, aka kuma gina sabon gari kusa da tsohon, aka sa masa suna Takalafiya. Wato tun yana yaro, garinsu ya ga yadda cuta ke iya tayar da jama'a daga mazauninsu.

Karatun boko a Wusasa ya yi shi, a makarantar St Bartholomew. Wusasa ƙaramin wuri ce a bayan birnin Zariya, inda mishan ɗin da Dakta Walter Miller ya kafa a cikin birni ya koma a wajen 1929, da makarantarsa da asibitinsa da majami'arsa. Ƙanƙantarta bai hana ta fitar da manyan mutane ba. Daga wannan zuriya ta mishan Dakta R.A.B. Dikko ya fito, likitan farko a duk Arewa, wanda kuma yana cikin waɗanda suka kafa Jam'iyyar Mutanen Arewa. Janar Yakubu Gowon ma a nan ya taso, a makarantar ya yi firamare. Saboda haka yaro mai ƙwazo a Wusasa yana da wanda zai kalla ya ce shi ma zai iya zama likita, abin da yaran sauran garuruwan Arewa ba su da shi a wancan lokaci.

Daga Yaba zuwa Landan

Daga Wusasa ya wuce Babbar Kwalejin Yaba da ke Legas. A 1948, shekarar da aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan, yana cikin ɗalibanta na farko-farko. A lokacin ba a gama gina asibitin koyarwa na Ibadan ba, sai a 1957 aka buɗe shi. Don haka ɗaliban likitanci kan yi rabin karatun a gida, sannan a tura su Ingila su ƙarasa ɓangaren duba marasa lafiya. Haka shi ma ya tafi Jami'ar Landan a 1951, ya kammala a 1954. Ya kuma yi karatu a Liverpool, garin da makarantarsa ta cututtukan ƙasashe masu zafi ta shahara a duniya.

Mu da ke zaman ƙasar waje mun san abin da ake nufi da a ce matashi ya riƙe takardar likitanci ta Landan a hannunsa. Shi dai gida ya dawo, ya zaɓi fannin yara, a lokacin da fiye da yaro ɗaya cikin kowane huɗu a Najeriya ba ya kai shekara biyar. Ƙyanda da tarin shiƙa da zazzaɓin cizon sauro da gudawa da tamowa su ne ke cika gadajen yara, ga sanƙarau da ke zuwa wa Arewa duk lokacin zafi. Likitan yara a wancan zamani kullum cikin ceton rai yake, daga wannan gado zuwa wancan.

Likitan Sardauna, malamin likitoci

A farkon shekarun 1960 ya yi aiki da gwamnatin Jihar Arewa a matsayin ƙwararren likita, kuma shi ne likitan Firimiya Sir Ahmadu Bello, Sardaunan Sakkwato. Abin lura ne wannan. Sardauna jikan Shehu Ɗanfodiyo ne, jagoran Musulmin Arewa, amma lafiyar jikinsa a hannun Kirista ɗan Wusasa ya damƙa ta. Ai mutum ba ya ba wa wanda bai amince da shi ba sirrin jikinsa.

Da aka buɗe makarantar likitanci ta Jami'ar Legas a 1962, sai ya koma can yana koyar da likitancin yara. A tsakiyar shekarun 1960 ya je Jami'ar Rochester da ke Amurka ya yi aikin bincike na wani lokaci. Ƙwararrun likitocin yara 'yan ƙasa a lokacin ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Cikin tsararrakinsa akwai Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, wanda shi ma a 1927 aka haife shi, ya koyar a Legas, daga baya ya zama ministan lafiya daga 1985 zuwa 1992. Waɗannan mutane su suka karɓi fannin daga hannun Turawa, suka horar da waɗanda suka horar da malamanmu.

Shekara tara a Samaru

An buɗe Jami'ar Ahmadu Bello ranar 4 ga Oktoba 1962, ƙarƙashin shugabancin Sir Norman Alexander, mutumin ƙasar New Zealand. A 1966 Ishaya Audu ya gaje shi yana ɗan shekara 39, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya hau kujerar.

Wace irin shekara ce kuwa 1966? A ranar 15 ga Janairu sojoji suka kashe Sardauna da Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa, jami'ar ta wayi gari marainiya. A watan Mayu tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa bayan dokar Janar Ironsi ta soke tsarin tarayya. A ranar 29 ga Yuli aka yi juyin mulki na biyu wanda ya kawo Gowon, sannan kashe-kashen watannin Satumba da Oktoba suka sa ɗimbin 'yan Gabas barin Arewa, cikinsu har da malamai da ɗalibai da ma'aikatan jami'a. A Yulin 1967 yaƙin basasa ya fara, bai ƙare ba sai Janairun 1970. Banda wannan, an soke Jihar Arewa a 1967 aka raba ta jihohi shida, alhali ita ce ta kafa jami'ar take kuma ciyar da ita.

Cikin wannan guguwa ya riƙe jami'ar shekara tara, kuma maimakon ta durƙushe, sai ta yi ta bunƙasa. Babbar matsalar Arewa a lokacin ita ce ƙarancin ɗaliban da suka cika sharaɗin shiga jami'a kai tsaye, saboda makarantun sakandare masu manyan azuzuwa ba su da yawa. A zamaninsa aka buɗe makarantar share fagen shiga jami'a a Samaru, wadda kowa ya sani da SBS. Ta wannan ƙofa dubban 'ya'yan talakawa daga Katsina da Sakkwato da Barno da Adamawa da Binuwai suka shiga jami'a. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ma a lokacin reshe ce ta Zariya, sai a 1977 ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero.

Makarantar likitanci ta Zariya

A 1967, ana tsakiyar yaƙi, aka buɗe tsangayar likitanci, ta farko a duk Arewa. Ba a jira an gina katafaren asibiti ba. Asibitocin gwamnati da ake da su a Tudun Wadar Zariya da Kaduna da Malumfashi aka mayar wuraren koyarwa, ɗalibi ya ga cutar birni ya ga ta karkara. A cikin birnin Zariya kuma akwai cibiyar lafiyar yara ta Banzazzau, wadda har gobe iyaye mata ke cika ta da sassafe.

Kafin a ce me, Zariya ta zama wurin da likitocin duniya ke sha'awar zuwa. Farfesa Eldryd Parry ya jagoranci sashen cututtukan manya, kuma a 1976 ya fitar da littafin koyar da likitanci a Afirka wanda ɗalibai suka daɗe suna dogaro da shi. Brian Greenwood ya shafe shekarun 1970 a Zariya yana bincike kan sanƙarau, kafin ya koma Gambiya ya shugabanci cibiyar bincike a can. Hilton Whittle ya yi aiki kan ƙyanda, David Warrell kuma kan saran maciji, musamman kububuwa da ke addabar manoma.

Wani binciken ma ya shiga har ɗakin mai jego. Likitocin Zariya sun lura mata da yawa na zuwa da ciwon zuciya da kumburi 'yan makonni bayan haihuwa, fiye da yadda ake gani a wasu ƙasashe. Da suka bi diddigi sai suka danganta abin da yawan shan kunun kanwa, wanda ke cike da gishiri, da wankan jego na tafasasshen ruwa, da kwanciya a kan gadon ƙasa da aka hura wa wuta a ƙarƙashi. Har yau idan nas ta ce wa mai jego ta rage kanwa, to daga wancan aiki maganar ta samo asali. Wannan shi ne amfanin a ce makarantar likitanci tana cikin mutanen da take yi wa aiki, tana jin harshensu, tana ganin abin da suke ci da yadda suke kwana.

Ranar 29 ga Yuli 1975 aka hamɓarar da Gowon, Janar Murtala Muhammad ya hau. A wannan shekarar Ishaya Audu ya sauka daga shugabancin jami'ar, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi.

Siyasa da tsarewa

Da aka buɗe fagen siyasa gabanin 1979, Dakta Nnamdi Azikiwe na jam'iyyar NPP ya ɗauke shi mataimaki a takarar shugaban ƙasa. Sun zo na uku, bayan Shagari na NPN da Cif Obafemi Awolowo na UPN. Da yake NPN ba ta da cikakken rinjaye a majalisa, sai ta ƙulla ƙawance da NPP aka raba muƙamai, Ishaya Audu ya zama ministan harkokin waje. Ƙawancen ya watse a 1981, amma shi ya ci gaba da riƙe ma'aikatarsa har 1983.

Shekarun ba masu sauƙi ba ne. A cikinsu Zimbabuwe ta sami 'yanci a Afrilun 1980. A Mayun 1981 aka kashe sojojin Najeriya biyar a kan iyaka da Kamaru, ƙasashen biyu suka kusa gwabzawa kafin a sasanta. A ƙarshen shekarar kuma Najeriya ta tura sojoji Chadi cikin rundunar kiyaye zaman lafiya ta Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. A Janairun 1983 gwamnati ta ba baƙi marasa takardu wa'adin barin ƙasar, sama da mutum miliyan ɗaya suka fita, akasarinsu 'yan Ghana. Daga nan jakar nan da muke cika wa da tsaraba ta samo sunanta. Umarnin daga ma'aikatar cikin gida ya fito, amma abin ya ɓata wa Najeriya suna a wajen maƙwabta. Duk wanda ya taɓa zama da fargabar ƙarewar biza ya san zafin wannan labari.

Ranar 31 ga Disamba 1983 sojoji suka kifar da gwamnatin Shagari, Janar Muhammadu Buhari ya karɓi mulki. Ishaya Audu na cikin 'yan siyasar da aka kama aka tsare.

Komawa ɗakin duba marasa lafiya

Da aka sake shi, Samaru ya koma, ya zauna a asibitinsa na kansa yana duba marasa lafiya, kusa da jami'ar da ya taɓa shugabanta. Mutumin da ya zauna da shugabannin ƙasashe ya sake rataya abin sauraron ƙirji a wuya, yana duba 'ya'yan malamai da na masinjoji da na manoman kewayen gari. Ya kuma duƙufa ga aikin addininsa har ya kafa majami'a. Ya rasu ranar 29 ga Agusta 2005 a Amurka, yana da shekara 78. A wannan shekarar ce asibitin koyarwa na jami'ar ya tare a mazauninsa na dindindin a Shika.

Aikin da ya rage wa na baya

Tsararrakin Ishaya Audu sun yi yaƙin hana yara mutuwa, kuma an ci nasara mai yawa: a yau wajen yaro ɗaya cikin goma ne ba ya kai shekara biyar a Najeriya, kodayake adadin Arewa maso Yamma ya fi haka. Sai dai yaron da ya tsira daga ƙyanda yana da tunani da tsoro da damuwa, kuma nan ne horon likitocin yaranmu bai yi nisa ba.

Tun a zamaninsa fannonin biyu hanya daban-daban suka bi. A 1954, shekarar da ya gama karatu a Landan, Dakta Thomas Adeoye Lambo ya fara shirinsa na Aro a Abekuta, inda masu taɓin hankali ke zama a gidajen ƙauye tare da danginsu suna karɓar magani. Duniya ta yaba, har Lambo ya zama mataimakin shugaban Hukumar Lafiya ta Duniya. Amma wannan aiki ya fi karkata ga manya. A Amurka kuwa tun 1930 aka buɗe sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a cikin asibitin yara na Johns Hopkins ƙarƙashin Dakta Leo Kanner, musamman don likitocin yara su koyi gane waɗannan matsaloli. Dalilin a fili yake: wurin likitan yara ake fara kai yaro.

A wajenmu ma haka abin yake, har ya fi. Wace uwa ce za ta ɗauki ɗanta ɗan shekara bakwai ta nufi Dawanau ko Barnawa ko Kware? Sunayen kansu sun zama abin zolaya. Za ta fara da mai kemis, ko malam mai ruƙiyya, in abin ya ƙi sai asibitin yara, irin su Hasiya Bayero a Kano ko Banzazzau. Kuma da kuka na jiki za ta zo: ciwon kai ko ciwon ciki da gwaji bai nuna komai ba, fitsarin kwance da ya dawo bayan an daina, firgita cikin barci, ƙin abinci, ƙin makaranta, ko yaro ya haura shekara biyu ba ya magana ba ya kallon ido. Idan likita ko nas ba su sami horo ba, maganin zazzaɓi za a rubuta a sallame su.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin matsalolin ƙwaƙwalwa kan fara ne kafin shekara 14, kuma matashi ɗaya cikin bakwai 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da ɗaya daga cikinsu. Ƙara da abin da yaran Arewa suka gani: Chibok a 2014, Ƙanƙara a 2020, Jangebe a 2021, Kuriga a 2024, ban da dubban da suka taso a sansanonin gudun hijira ko suka ga an kashe iyayensu. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya kuwa, kamar yadda ƙungiyarsu ta sha kokawa, ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, kuma kullum wasu ficewa suke yi. Masu ƙwarewa kan yara a cikinsu 'yan ƙalilan ne. Ba yadda za a yi su isa.

Hanyar da ta rage ita ce a horar da waɗanda yaran ke zuwa wurinsu dama. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da shirin mhGAP, wanda ke koya wa likitoci da nas-nas da ma'aikatan ɗakin shan magani yadda za su gane matsalar, su kula da mai sauƙi, su tura mai tsanani gaba. Ba abu ne mai tsada ba. Tambayoyi ne da za a ƙara cikin duba yaro: yaya barcinsa, yana wasa da 'yan uwansa, me ya canja a gida, ita kanta uwar lafiya take tun da ta haihu? Jami'ar Ibadan tana da cibiya ta musamman da ke ba da digiri na biyu kan lafiyar ƙwaƙwalwar yara da matasa, tana karɓar likitocin yara da nas-nas daga ƙasashen Afirka. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa da ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958. A nan Dubai, asibitin yara na Al Jalila da aka buɗe a 2016 yana da sashen lafiyar ƙwaƙwalwar yara a cikinsa, ƙofa ɗaya ake shiga da mai tari da mai damuwa, ba wanda zai nuna wani da yatsa.

Maganar ta shafe mu kai tsaye. Da yawa daga cikin masu fatauci da aikatau a Al Muraqqabat da sauran unguwannin Deira sun bar 'ya'ya a gida wurin kaka ko goggo, shekara biyu ko uku ba a haɗu ba. Muna aika kuɗin makaranta da na magani, to mu riƙa tambayar yadda yaro ke barci da wanda yake wasa da shi. Idan aka ce ya yi shiru ko ya canja hali, a kai shi wurin likitan yara a faɗi komai, har da batun tafiyar uwa ko uba. Masu tsara karatun likitanci a Zariya da Kano da Sakkwato da Maiduguri kuma, da ƙungiyoyinmu na 'yan ƙasar waje masu tara kuɗin gina rijiya da masallaci, ga wurin da ɗan tallafi zai yi nisa: ɗaukar nauyin likitan yara ɗaya ko nas ɗaya zuwa irin wannan horo, da sharaɗin ya dawo ya koyar da wasu. Ishaya Audu da asibitocin aro ya fara makarantar likitanci, ana tsakiyar yaƙi.

Allah Ya albarkaci bayansa, Ya raya mana zuriya cikin lafiyar jiki da ta hankali.